Matcha latte ba da madarar shanu ba, wa ya iya haɗawa a gida?

Maman Hanifa: Slm jama'a barkanmu da warhaka. Dan Allah tambaya gare ni ga masu sanin kan kicin. Ni dai madara ba ta zama a cikina, ta gari ko ta gwangwani, ina sha cikina zai kumbura ya yi ta ƙugi har dare, tun da daɗewa na haƙura da shayi mai kauri. To kwanaki ƙanwar maigida ta kai ni wani wajen shan kofi a Lekki aka haɗa min matcha latte, wato koren garin shayin Japan da ake haɗawa da madara, nawa da madarar hatsin oat aka yi, wlh ya min daɗi kuma cikina lafiya lau, sai dai kuɗin kofi ɗaya ba abin da mutum zai riƙa yi kullum ba ne. Na sayo garin matcha ɗin, ƙaramin gwangwani mai giram 30, amma nawa yana fitowa da ɗaci ga gudaji yana yawo a sama, kuma madarar oat ɗin ta kwali ita ma tsada gare ta. Wace madara zan iya yi da hannuna nan Agege wadda za ta shiga da shi?

Zainab Obalende: Wa alaikumus salam Anti. A irin wajen nake aiki a Victoria Island, kullum sai na haɗa shi. Kafin maganar madara, da wane ruwa kika dama garin?

Maman Hanifa: Ruwan zafi daga kan wuta, yana tafasa na juye

Zainab Obalende: To nan ɗacin ya fito Anti. Matcha ba ya son tafasasshen ruwa sam, digiri 70 zuwa 80 yake so. Ba sai kin nemi abin awon zafi ba, in ruwan ya tafasa ki ɗebi cokali uku na tafasasshen ki ƙara cokali ɗaya na ruwan da bai ga wuta ba, zai sauko wajen 80 ɗin. Ko ki juye a kofi ki bar shi ya sha iska kamar minti biyar.

Garin kuma ƙaramin cokalin shayi ɗaya ya isa, wajen giram 2 kenan, kar a cika shi ya yi tozo. Ki tankaɗe shi da ƙaramar rariya kai tsaye cikin kwano, wannan tankaɗen shi ne mutane suke tsallakewa kuma shi ke hana gudaji, don garin yana da laushi sosai kuma danshin Legas yana sa ya dunƙule tun a cikin gwangwani. Sai ki ɗiga ruwa kaɗan ki murje shi ya zama kwaɓi mai santsi tukuna, sannan ki ƙara ruwan ya kai kamar babban cokali huɗu ki kaɗa da sauri. Ba zagaye ake yi ba, gaba da baya ake yi da wuyan hannu har ƙananan kumfa su rufe saman. Madara ce ƙarshen shiga, kamar kashi uku cikin huɗu na kofi.

Hajiya Ladi: Ikon Allah. Zainabu ai wannan kaɗin miyar kuka kika faɗa, in ka zuba kuka gaba ɗaya a ruwan zafi dole ta yi gudaji, sai ana barbaɗawa ana burgawa. Maman Hanifa ki nemi ƙaramin maburgi kawai.

Zainab Obalende: Hajiya zai yi wlh, amma sabo, wanda bai taɓa shiga tukunyar miya ba, don itace yana riƙe warin daddawa kuma matcha yana kwasar wari nan da nan. Mu a wajen aiki da na gora muke amfani, chasen sunansa, daga guntun gora ɗaya ake tsaga shi ya zama siraran tsinkaye da yawa, ana jiƙa bakinsa a ruwan ɗumi kafin a fara don kar ya karye. Wanda ba shi da ko ɗaya ya samu kwalba mai murfi, a zuba garin da ruwan ɗumi a rufe a girgiza sosai, shi ma yana yi. Akwai kuma ɗan ƙaramin injin kaɗa madara mai batir.

Abban Sadiq: Ni fa ku yi haƙuri, na ga hoton abin nan a waya, garin zogale ne aka sa wa gwangwani mai kyau. Zogale na nan a Mile 12 buhu buhu, a shanya a inuwa a daka a tankaɗe, kore shar, ga amfani a jiki. Me zai sa mutum ya kwashi kuɗi ya sayi giram 30 na ganyen wata ƙasa

Ummu Khalil: Abban Sadiq ka taɓa ɗanɗanawa kuwa? Kala ce kawai ta haɗa su

Abban Sadiq: Ban taɓa ba, amma ganye ai ganye ne

Zainab Obalende: Yaya ba ɗaya ba ne gsky. Matcha ganyen shayi ne, itacen da ake samun baƙin shayin da muke sha kullum, irin wanda ake nomawa a tsaunin Mambila a Taraba, shi ne dai itacen. Bambancin a wajen noma da sarrafawa yake. A Japan idan ya rage kamar sati uku zuwa huɗu a tsinki ganyen sai su rufe gonar da rumfa su tare mata rana, rashin ranar ne ke sa ganyen ya ƙara kore kuma ɗacinsa ya ragu ya samu wani garɗi. Suna tsinka sai su turara shi nan take don kar ya yi baƙi, su busar, su cire jijiyoyi da kara, abin da ya rage shi ake niƙawa a dutsen niƙa a hankali, dutse ɗaya a awa guda bai wuce ya ba da giram 30 zuwa 40 ba. Wato gwangwanin da ke hannun Anti aikin awa ɗaya ne na dutse in irin na dutsen ne. Garin Uji kusa da Kyoto da garin Nishio su ne suka fi suna a kai. Zogale kuwa ba shi da kafeyin ko kaɗan, ba zai wartsake ka ba, kuma ɗanɗanonsa daban ne, yana da ɗan yaji yaji a maƙogwaro.

Abban Sadiq: To na ji. Amma dai kwaikwayon Turawa ya yi mana yawa

Malam Sani mai shayi: Abban Sadiq a nan kam ban bi ka ba. Shekaruna nawa a kan tebur a Idi-Araba, ganyen ataya da muke dafawa mu yi ta ɗagawa har ya yi kumfa daga Chaina yake zuwa, duba kwalin ka gani. Ba wanda ya ce mana kwaikwayo muke, ya zama namu. Su ma Japanawan ai daga Chaina shayin ya je musu. Ni tambayata ga Zainab, in na samu ganyen ataya na niƙa a blenda na tankaɗe ba zai ba ni wannan abin ba? Don yara 'yan makaranta sun fara tambayata.

Zainab Obalende: Baba Sani kar ka yi asarar ganyenka. Na ataya a rana ya girma kuma da jijiyoyinsa aka naɗe shi, in ka niƙa ɗaci ne zalla, kalar kuma ta yi duhu duhu, ga shi blenda ba za ta taɓa kai shi laushin da zai zauna a ruwa ba, za a ji shi kamar yashi a harshe. Shi kansa matcha ba narkewa yake ba, yawo yake a cikin ruwan saboda laushinsa, shi ya sa in ka ajiye kofin minti kaɗan za ka ga ya kwanta a ƙasa sai an juya.

Maman Hanifa: Na gode sosai, yanzu na gane inda ɗacin yake. Saura maganar madarar dan Allah

Ummu Khalil: Waken suya, ba sai an yi dogon zance ba. Ni mai awara ce kullum madarar na hannuna. Ki jiƙa waken ya kwana, ki murje ɓawon ya fita ki wanke, ki markaɗa ki tace da ƙyallen tata, sai ki ɗora a wuta. Nan ne dai sai kin tsaya a kai, don tana tasowa ta zube kafin ki juya baya, kuma dole ta tafasa sosai minti 15 zuwa 20 kina juyawa kina kwashe kumfa, ɗanyar madarar waken suya tana ɓata ciki kuma ƙarnin waken ba ya fita sai ta dahu. In ta dahu ita ce ta fi kowacce kama da ta shanu, tana da jiki, tana ɗaukar zafi, tana yin kumfa in an kaɗa.

Hajiya Ladi: Ummu Khalil Allah ya yi miki albarka amma ni ban yarda ba. Ga aya Allah ya hore mana, zaƙinta na kanta ne ba sai an zuba suga ba, ba ƙarni, ba tsayuwa a kan wuta. Waken suya ko ya aka dafa shi ni sai na ji ƙamshin awara a ciki. Ta yi kunun aya kawai ta zuba koren garin nata.

Ummu Khalil: Hajiya kunun aya da citta da kanumfari? Ai ba za ta ji ɗanɗanon abin da ta saya da tsada ba

Zainab Obalende: Ku duka biyun kuna da gaskiya, kowacce da inda ta fi. Hajiya ayar ce ni ma na fi so a gida, amma kamar yadda Ummu ta ce ba kunun aya na sayarwa ba. Citta da kanumfari suna danne matcha gaba ɗaya. Zallar aya za a yi, kofi ɗaya na busasshiyar aya a jiƙa ta kwana, a markaɗa da ruwa kofi uku, dabino biyu ko uku in ana son ƙarin zaƙi, a tace sau biyu. Ɗanɗanon aya mai garɗi ne kuma yana rufe ɗan ɗacin ganyen ba tare da ya ɓoye ƙamshinsa ba, wlh in aka zuba ƙanƙara a kofin gilashi aka zuba madarar aya fara sol sannan aka tsiyaya koren a hankali daga sama yana sauka zare zare, ba za ki ce ba a Lekki aka haɗa ba.

Matsalarta ɗaya, ba ta son wuta. Aya tana da sitaci, in kika tafasa madarar sai ta yi kauri ta fara zama kamar koko. Don haka aya ta mai sanyi ce. In da safe ne ana ruwan sama kina son mai zafi, to waken suyar Ummu.

Hajiya Ladi: To wa ke neman abu mai zafi a zafin Legas ɗin nan in ba lokacin damina ba

Malam Sani mai shayi: Hajiya masu zuwa tebur ɗina da asuba, ko a watan Maris sai sun sha da zafinsa

Ɗanjuma Mile 12: Slm. Tunda an zo kan aya bari in sa baki, ita nake sayarwa da dabino. Maman Hanifa ki sayi busasshiya manya, ta fi ba da madara kuma tana ajiyuwa, ɗanyar da ake turawa a baro in ta kwana biyu a leda sai ta fara tsami. Da yawan busasshiyar daga Arewa da wajen Maraɗi a Nijar ake kawo mana. Abin da zan ja kunnenki a kai tsakuwa ce, aya a ƙasa take kuma tsakuwar kalarsu ɗaya girmansu ɗaya, ki baza a faranti ki tsince, ki rege ta a ruwa kamar yadda ake rege shinkafar gida, ƙwaya ɗaya ta tsakuwa tana iya cinye bakin blenda. Ki cire waɗanda suka yi baƙi ko suka huje, su ke ɓata ɗanɗano. In blendarki ƙarama ce ki jiƙa ta fi kwana ɗaya kina canza ruwan.

Ummu Khalil: Kuma ku faɗa mata gaskiya madarar aya ba ta da haƙuri. In ba wuta da safe kika yi kafin la'asar ta juya, mu da NEPA ke ɗauke mana wuta yini guda. Ko a firij kwana biyu zuwa uku ne. Ta waken suya tunda an dafa ta ta ɗan fi jurewa, duk da ita ma ba ta kwana a waje.

Hajiya Ladi: Sai ta yi daidai shanta. Rabin kofin aya ai ba wahala

Zainab Obalende: Ko ta zuba a abin yin ƙanƙara ta daskarar in an kawo wuta, sai ƙanƙarar madarar ta zama ita ce ƙanƙarar kofin, ba ruwan da zai tsinka shi.

Fati Ebute Metta: Ba wanda ya ambaci kwakwa, ga ta nan ko'ina a Legas, ta Badagry ma. Ni da ita nake yi. A kankare bayan, a markaɗa da ruwan ɗumi a tace. Sai dai ita kaɗai ta cika maiƙo kuma in ta ji sanyi man yana daskarewa a sama, don haka nake haɗa kashi ɗaya na kwakwa da kashi uku na aya, kwakwar ta ba shi jiki ayar ta ba shi zaƙi. Na gwada da madarar gyaɗa irin ta kunun gyaɗa, ƙamshin gyaɗar ya fi ƙarfin ganyen, ban ƙara ba.

Maman Hanifa: Ita oat ɗin da na sha a can fa, ba a yin ta a gida?

Zainab Obalende: Ana yi Anti amma ba za ta zama irin ta kwali ba, ta kamfani akwai sinadarin da suke sa wa ya narkar da sitacin ya koma zaƙi, su kuma ƙara mai don ta yi kumfa. In za ki yi, ruwan sanyi sosai, kar ki jiƙa, markaɗen kar ya wuce daƙiƙa 30, kuma wajen tacewa kar ki matse ƙyallen. In kika wuce haka yauƙi za ta yi.

Malam Sani mai shayi: Ni da na ce ta huta da duk wannan aikin ta sayi farin garin nan da ake zuba wa kofi, wanda aka rubuta ba madara a jiki

Anti Rabi nas: Slm, yanzu na fito daga aiki na ga zancen. Malam Sani a yi hattara da wannan, yawancinsu akwai furotin ɗin madara a ciki, a jikin kwalin za ka ga an rubuta sodium caseinate, daga madarar shanu ake ciro shi. Haka madarar gari da ake cewa an sa mata man tsirrai, kitsen kawai aka canza, sauran duk madarar shanu ce da sukarinta. Har shi matcha ɗin, akwai na ƙananan leda da ake sayarwa an riga an haɗa, in kika karanta bayan za ki ga suga da garin madara ne suka fi yawa. Wanda za ki saya abin da ke ciki ya zama ganyen shayi kaɗai.

Maman Hanifa abin da kika kwatanta, kumburi da ƙugi da iska, ya yi kama da rashin narkar da laktos, sukarin da ke cikin madara. Jiki yana rage yin sinadarin da ke narkar da shi bayan yarinta, kuma abu ne da ya yi yawa a Afirka ta Yamma, Fulani makiyaya ne aka fi samun masu jure madara har girma. Masu irin wannan da yawa suna shan kindirmo ko nono kaɗan lafiya tunda tsamin ya rage laktos ɗin. Amma in madara tana sa miki ƙaiƙayi, ƙuraje, kumburin leɓe ko numfashi ya riƙa sarƙewa, wannan wani ciwon ne daban kuma sai an ga likita, ko ɗigo ba a sha.

Maman Hanifa: A'a Anti Rabi ciki ne kawai, kuma fura da nono kaɗan ba ta dame ni. Amma ina da ƙarancin jini tun haihuwar Hanifa, ina shan maganin ƙarin jini

Anti Rabi nas: Yauwa gara da kika faɗa. Shayi kowane iri yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, matcha kuma ganyen gaba ɗaya kike shanyewa ba jiƙonsa ba. Kar ki haɗa shi da maganin, kar ki sha a kan abinci, ki ba da tazarar awa ɗaya zuwa biyu. Sannan akwai kafeyin, ƙaramin cokali ɗaya yana kai wajen miligiram 60 zuwa 70, mai ciki kuma ana so kar ta wuce 200 a yini in an haɗa da shayi da kofi da lemon kwalba mai kola. Masu olsa kar su sha da wofin ciki, yana sa tashin zuciya. Masu tallarsa a intanet suna cewa yana narkar da tumbi yana wanke jiki, kar kowa ya sayi gwangwani saboda wannan, a sha don ana jin daɗinsa. Abu na ƙarshe da ya fi damuna, madarar aya ko kwakwa ta gida ba ta maye gurbin nono ko madarar jarirai, furotin ɗinta kaɗan ne, kar wata ta karanta hirar nan ta fara ba jariri.

Ummu Khalil: Waken suya dai akwai furotin, a rubuta min wannan

Anti Rabi nas: Akwai sosai Ummu, a nan ta fi su duka. Amma ita ma ba ta jarirai ba ce

Abban Sadiq: Har yanzu ni lissafin kuɗin nake. Giram 30 a giram 2 kofi 15 kenan, sati biyu ya ƙare

Zainab Obalende: Haka ne Yaya, kuma tsadar ta ƙaru don tun 2024 garin ya yi ƙaranci a Japan ɗin kanta saboda yadda duniya ta raja'a a kansa, har tsofaffin gidajen shayi na Kyoto irin su Ippodo suka taƙaita yawan da mutum ɗaya zai saya, ga kuma canjin dala a nan. Amma in ka raba kuɗin gwangwanin gida 15 ka ƙara kuɗin rabin kofin aya, bai kama ƙafar kuɗin kofi ɗaya a Lekki ba. Kuma wanda zai haɗa da madara ba ya buƙatar mafi tsadar, wancan na masu shan shi da ruwa zalla ne. Matsakaici ya isa, idon mutum ya kasance a kan kalar, kore mai haske. In ya koma ruwan ƙasa ƙasa ko rawaya rawaya ya tsufa ko ganyen ƙarshen kaka ne, ɗacinsa ko dabino goma ba za su rufe ba.

Abban Sadiq: To ni zan gwada madarar ayar da zogalena, na bar muku na Japan

Hajiya Ladi: Shi ma abin sha ne mai kyau, ka dai rage hannu wajen zuba zogalen

Fati Ebute Metta: Zainab a ina ake ajiye gwangwanin? Nawa a kan kanta yake kusa da risho

Zainab Obalende: Ɗauke shi daga nan yau ɗin nan Fati. Zafi da haske da iska da danshi duk suna kashe shi, kalar za ta dushe ƙamshin ya tafi. Ki matse iskar ledar ciki ki rufe gwangwanin gam ki sa a cikin wata roba mai murfi nesa da kayan yaji. Firij yana da kyau in wutarku na zama, amma in kin fito da shi kar ki buɗe nan take, ki bari ya huce sanyin tukuna in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan garin ya dunƙule. In wutar unguwarku irin ta Ummu ce ana kawowa ana ɗaukewa gara ki bar shi a lungun kabad mai duhu. In an buɗe a shanye cikin wata ɗaya zuwa biyu, kuma busasshen cokali kawai zai shiga ciki.

Maman Hanifa: Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam Ɗanjuma ranar Asabar kana kasuwa? Mudu ɗaya na manyan nake so da dabino mai laushi

Ɗanjuma Mile 12: Ina nan in sha Allah, ki zo kafin azahar don hanyar Ikorodu tana cushewa da yamma. Dabinon ki ɗauki mai laushin, busasshen sai an cire ƙwallon an jiƙa shi tare da ayar kafin ya markaɗu.